Murya Biyu a Wayar Baba

Akwai wani aibi da ya yawaita a cikin masu sana'a, kuma ya fi kama waɗanda suka iya aikinsu fiye da waɗanda ba su iya ba. Aibin shi ne mutum ya ɗauka duk abin da bai faru a gabansa ba, bai faru ba ke nan. In an kawo masa kuka sai ya gwada, in abin ya yi lafiya a hannunsa sai ya yanke hukunci cewa laifin na mai kukan ne. Ba ƙarya ya yi ba, ba kuma mugunta ba ce, domin gwajin gaskiya ne, sakamakonsa ma gaskiya ne. Abin da ya kuɓuce masa tambaya ce guda: shin halin da na gwada abin nan a ciki, shi ne halin da mai kukan yake ciki? Wanda bai ƙware ba yakan yi shakkar kansa, shakkar kuma takan kai shi ga wannan tambaya. Gwani ba ya shakka, shi ya sa ɓarnarsa take daɗewa ba a gano ta ba.

Mutumin da ake magana a kansa gwani ne. A gida Auta ake ce masa, ko da yake furfura ta soma leƙo masa a gemu. A wurin aiki kuwa Mai Sauti ne, saboda kamfanin da yake wa aiki yana da manhajar waya mai karanta wa mutane littattafai da murya, kuma duk abin da ya shafi muryar a hannunsa yake: ta tashi in an danna, ta tsaya in an sake dannawa, ta koma baya, ta ci gaba daga inda aka bar ta. Ofishin dogon ɗaki ne a saman bene, teburori suna fuskantar bango, kowa da iyafis a kunne. Shiru ne dokar wurin. A gefen teburinsa akwai kanta da aka jera wayoyin gwaji a kai, sababbi fil, kowace da igiyar cajinta. Babu wadda aka sa wa layi a cikinsu, don ba wanda ya ga dalilin sa wa wayar gwaji layi, tunda ba kira za a yi da ita ba.

Shi kansa ba mutumin kira ba ne. Wayarsa kullum a kashe mata ƙara take. In an kira shi sai ya zuba wa sunan ido har ya ɗauke, sannan ya rubuta, “Ina aiki, lafiya?” Ba fushi yake da kowa ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu abubuwa suka daina taɓa shi sosai, na daɗi da na baƙin ciki, kamar wanda yake taɓa duniya da safar hannu. Yana cin abinci in lokaci ya yi, yana zuwa aiki, yana komawa ɗakinsa.

Mahaifinsu tsohon malamin lissafi ne, wanda idanunsa suka dushe har ba ya iya rarrabe komai sai haske da inuwa. Yana zaune shi kaɗai a ɗaki biyu na haya, inda suka zauna da mahaifiyarsu. Ƙafarsa ta haddace wurin. Ya san inda tabarma ta ƙare, ya san ƙusar da yake rataye hula, yakan dafa shayinsa da kansa, ya bi jikin bango har shagon wanzami ya yi hira ya dawo. 'Yarsa ta fari, wadda Auta yake kira Yaya, ta daɗe tana son ta ɗauke shi zuwa gidanta, shi kuwa ya ƙi. Daga ƙarshe suka yi yarjejeniya a gaban mijinta, kuma Baba ne ya tsara kalmominta da bakinsa: makanta ba za ta fitar da shi daga ɗakinsa ba, amma ranar da hankalinsa ya soma rawa, a ɗauke shi ba sai an nemi izininsa ba. Ya faɗi haka da gadara, irin ta mutumin da bai taɓa tsammanin ranar za ta zo ba.

Auta ne ya sa masa manhajar a tsohuwar wayarsa, ya girmama masa maɓallin har ya cika tsakiyar fuskar wayar, yadda ko ina ya taɓa zai dace. Baba ya riƙe ta hannu biyu. Tarihi yake saurare, da tafiye-tafiye, wani lokaci har yana gyara wa mai karatun lafazi.

Wata ranar hutu da Auta ya je gaishe shi, sai Baba ya ce, “Auta, mutumin nan naka ya samo abokin aiki.”

“Wane mutum, Baba?”

“Makarancin. Da shi kaɗai ne, yanzu wani lokaci su biyu suke zuwa. Murya ɗaya, littafi ɗaya, amma ɗaya yana gaba ɗaya yana binsa. In na danna, na gaban ya yi shiru, na bayan ya ci gaba. Duk ɗaliban da na koyar ban taɓa gamuwa da marar kunya irinsa ba.”

Auta ya karɓi wayar. Ya kunna, murya ɗaya ta tashi. Ya danna, ta tsaya. Ya maimaita har ya gaji, ya matsa gaba, ya koma baya, ya rufe manhajar ya sake buɗewa.

“Lafiyarta lau, Baba. Wataƙila rediyon maƙwabta ne.”

“Maƙwabcina mai gyaran famfo ne. Yaushe ya fara sauraren tarihin masu jiragen ruwa, kuma a shafin da nake?”

“To wataƙila yatsanka ne ya taɓa sau biyu.”

Baba ya ce, “To. Kai ne mai abin.”

Ya kamata a yi wa Auta adalci a nan, domin bai watsar da maganar ba. Washegari ya ɗauki wayoyin kantar ɗaya bayan ɗaya ya gwada, ya bi umarnin da ya rubuta wa manhajar layi-layi, bai ga inda murya ta biyu za ta fito ba. Ya yi duk abin da sana'arsa ta koya masa, a ɗakin da ba a taɓa jin waya ta yi ƙara ba.

Baba bai bar maganar ba, sai dai ya sauya wanda yake gaya wa. Yaya takan kira shi kullum da hantsi, ta tambayi kwanansa da maganinsa, sai ya riƙa ba ta labarin makarantan biyu, da yadda yake tura wayar ƙarƙashin matashi har na biyun ya gama babinsa ya yi shiru don kansa. In ta zo da yamma ta kunna, murya ɗaya take ji. Daga nan ta fara lura da wasu abubuwa. Ran nan ya bar mukulli a jikin ƙofa. Wata rana ya tambaye ta abin da ya riga ya tambaya. Kowane tsoho yana yin haka, har da wanda bai tsufa ba, amma da zarar an soma tara wa mutum hujja, to komai nasa hujja ne.

Yaya ta tare Auta a kicin ɗinta tana yanka albasa. Ta ce, “Malam sarkin shiru, yau an ga damar zuwa. Ina tambayarka, ka amsa mini da baki, ba da rubutu ba. Abin nan naku yana yin murya biyu?”

“Ba ya yi.”

“Ka tabbata, ko dai ka tabbata irin ta ranar da ka ce ka kashe murhu?”

“Yaya, ni na rubuta shi. Na gwada a kan kowace waya da muke da ita.”

Ta ajiye wuƙar, ta share ido da bayan hannu. “Da ka ce mini yana yi, da na fi jin daɗi.”

Ta kai Baba wurin likita. Likitan ya yi masa tambayoyi, Baba ya amsa su yana ɗan murmushin raini, har ya ce wa likitan lissafin da ya ba shi na 'yan aji ɗaya ne. Da aka zo kan muryoyin, likitan ya juya ga Yaya ya tambaya ko an tabbatar wayar ba ta da matsala. Ta ce ƙanenta ne ya ƙera manhajar. Duk da haka ta fita baranda ta kira Auta. Bai ɗauka ba. Ta rubuta masa tambayar likita, amsa ta dawo mata nan take: “Na duba. Lafiya take.” Ta nuna wa likitan. Likitan ya ce irin wannan yakan fara a hankali, kuma bai kamata a bar shi shi kaɗai ba.

Baba bai yi gardama ba, tunda shi ya kafa sharaɗin. Abin da ya nema kawai shi ne ya ji daga bakin Auta. Ranar kwashe kaya, yana zaune a bakin gadon da aka cire wa katifa, ya ce, “Auta, tsakaninka da Allah, babu ta inda abin nan zai yi abin da na ce?”

Auta yana ɗauke da kwali a hannu. Ya ji nauyin tambayar, amma daga nesa ya ji shi. Ya faɗi abin da ya sani. “Ban ga ta inda zai yi ba, Baba.”

“Shi ke nan. Shaida biyu da likita, ni kaɗai a ɗaya gefen. Ko ni ne alƙali haka zan yanke.” Ya laluba aljihu ya miƙa masa wayar. “Tafi da mutanenka. Yayarka ta ce su ne suke tayar mini da abin.”

A gidan Yaya an ba shi ɗaki mai kyau, kusa da banɗaki, da labule sabo. Ba wanda ya wulaƙanta shi. Sai dai ƙafarsa ba ta san gidan ba, don haka aka riƙa riƙe masa hannu. Ba a bar shi ya kusanci wuta ba, ba a bar shi ya fita ba. In ya faɗi magana sai a ce “to, Baba” da murya mai laushi, a dubi juna. Ya yi koyarwa tsawon rayuwarsa, ya san wannan muryar sarai, don da ita yake amsa wa ɗalibin da ya fid da rai da shi.

Wayar ta yi watanni a cikin durowar Auta. Wata safiya aka ce a gwada sabon fasalin manhajar a kan tsofaffin wayoyi, aka rasa tsohuwa a ofis, sai ya tuna da ita. Ya yi mata caji, ya kunna littafin da Baba ya tsaya a kai don ya ga yadda tsohon fasalin yake tafiya kafin ya sauya shi. Yana cikin haka sai wayar ta yi ƙara. Duk ɗakin aka ɗago kai. Ya ɗauka da sauri don ya kashe ƙarar, sai ya ji muryar wanzami yana tambayar ko Malam lafiya, an daɗe ba a gan shi ba. Auta ya ce lafiya lau, ya koma gidan 'yarsa. Suka yi sallama.

Kiran yana yankewa, makarancin ya ci gaba. Bayan ɗan numfashi sai wani ya tashi a bayansa, murya ɗaya, jimla ɗaya, yana binsa a baya kaɗan. Auta ya danna maɓallin. Ɗaya ya yi shiru. Ɗayan ya ci gaba da bayanin yadda ake naɗe filafilan jirgi in iska ta yi ƙarfi.

Matar da ke karɓar kukan masu amfani da manhajar, wadda ofis ya laƙaba wa Uwar Ƙorafi, ta cire iyafis ta taso. Ta tsaya a kansa hannu a ƙugu ta saurara.

“Ashe aljanun direban nan sun iso ofis,” in ji ta.

“Wane direba?”

“Wanda ya ce mutum biyu ke masa karatu a mota. Da matar nan mai ɗinki. Na kawo maka su, ka ce a gaya musu ba mu ga matsalar ba, su kashe waya su kunna. Matar ta ce in gaya maka ta kashe ta kunna har yatsanta ya yi kanta.” Ta leƙa wayar. “Wannan kakar wayoyin fa, ta wa ce?”

“Ta babana ce.”

“Allah sarki. Shi bai kawo ƙara ba?”

“Ya kawo.”

Ta dube shi, ta ga babu abin da za a karanta a fuskarsa, ta koma kujerarta.

Gano dalilin bai ɗauke shi lokaci ba, tunda yanzu ya san ƙofar da zai buɗe. In kira ya shigo, waya takan karɓe sauti daga hannun manhaja ta ba kiran. Sabuwar waya mai yalwar wuri takan ajiye manhajar a gefe yadda take. Tsohuwa kuwa, don wurinta ya yi kaɗan, sai ta rufe fuskar manhajar ta bar injin karatun da rai a ɓoye. In kiran ya ƙare, wancan injin ya farka ya ci gaba, manhajar kuma ta buɗe sabuwar fuska ta tayar da sabon inji, ba tare da ta tambaya ko akwai na farko ba. Maɓallin kuwa sabon injin kawai ya sani. Abu biyu ake bukata kafin matsalar ta fito, tsohuwar waya da mai kira. Ofis ba shi da ko ɗaya. Yaya ba za ta taɓa ji ba, domin ita ce mai kiran, mai kira kuwa ba ya cikin ɗakin. Shi kuma Auta da yake zuwa ɗakin, ba ya kira, kuma a zaman da yake yi ba a taɓa kira ba.

Ya rubuta gyaran kafin lokacin cin abinci. Layuka ne kaɗan da ke cewa a duba in akwai makaranci da rai, a riƙe shi, kada a tayar da wani. Manaja ya dafa kafaɗarsa ya ce aiki ya yi kyau. A sanarwar sabon fasalin aka rubuta cewa an gyara wata ƙaramar tangarɗa ta sauti. Auta ya bar wayar Baba da tsohon fasalin, ya sa ta a aljihu, ya nemi izinin tashi da wuri.

Yaya ce ya fara gaya wa, a tsakar gida tana kwashe shanya. Ta saurare shi har ya gama, da riga a kafaɗa.

“Yanzu me kake so in yi?” ta ce.

“Ya koma ɗakinsa. Sharaɗin bai cika ba.”

“Wane ɗaki? An ba wasu masu jariri tuni. Kuma ka shiga ka gan shi tukuna. Kai da kake zuwa kamar baƙon wata, ka shiga ka gani.” Ta ninke rigar, ta sake warwarewa. “Sau nawa na tambaye ka, Auta?”

“Da yawa.”

“To.”

Baba yana zaune a kujera kusa da taga, hannuwansa a kan gwiwa. Ya rame, an aske masa kai aski irin na gida. Auta ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce ya zo da wani abu da yake so ya ji. Ya kunna littafin, ya ciro tasa wayar ya kira ta Baba, ya ɗauka, ya kashe. Muryoyin biyu suka cika ɗakin, ɗaya na bin ɗaya.

Baba ya karkata kai yana saurare. “Kai ma kana jin su?”

“Ina ji, Baba. Kowa zai ji. Kuskurena ne, daga aikina yake. Kai ne mai gaskiya tun farko.”

“Yayarka ce ta sa ka?”

“Ba wanda ya sa ni.”

“Likita ya ce a riƙa bina da lallashi. Na ji lokacin da yake gaya mata.” Ya yi murmushi kaɗan. “Kun kyauta. Amma ba sai kun wahalar da kanku ba. Jiya ma na kasa tuna sunan titinmu. Kashe su, Auta, suna sa ni ciwon kai.”

Auta ya danna, ɗaya ya tsaya. Sai da ya kashe wayar gaba ɗaya sannan ɗakin ya yi shiru. Ya sake yi masa bayanin daga farko, a hankali, da misalin ɗalibai biyu da aka ba allo ɗaya. Baba yana gyaɗa kai yana cewa, “To, to,” da irin muryar da ake amsa masa da ita a gidan.

A nan lissafin yake tsayawa, ba a iya ƙarasa shi. Mai yiwuwa ne mantuwar tana tafe ko da babu wannan, ta iso a lokacinta. Mai yiwuwa ne kuma mutumin da aka raba da ɗakinsa da hanyarsa da abokan hirarsa, aka daina gaskata bakinsa, hankalinsa ya bi sahun abin da aka ce da shi. Auta ya tambayi likitan wanne ne, likitan ya ce babu gwajin da zai raba su. Ya tambaya sau ɗaya, bai sake ba.

Baba bai koma zaman kansa ba. Ya ci gaba da dushewa a gidan Yaya, ana kula da shi yadda ya kamata, har Allah ya karɓi abinsa. Auta ya yi duk hidimar da ake tsammani daga ɗa, ya karɓi gaisuwa, mutane suka yaba da dauriyarsa. Shi da Yaya suna zumunci, takan aiko masa da 'ya'yanta hutu, amma maganar ba ta sake tashi tsakaninsu ba. Daga baya kamfanin ya ɗora shi a kan duk masu gwaji, kuma an shaide shi da cewa ba ya rufe kukan kowa sai ya nemi mai kukan ya ji inda yake zaune da abin da yake yi lokacin da abin ya faru. Ana kawo shi misali ga sababbin ma'aikata. In an yabe shi a taro yakan ce ya gode, ya jira a gama, ya koma teburinsa. Yana can har yanzu, bai yi aure ba, gemunsa ya yi fari duka.